Abokan gabar sauro: wace halitta ce za a iya dogara da ita wajen rage shi?

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina fata waɗanda suka fi ni sani za su warware mini ita. A darasin da muka yi kan cututtukan da ƙwari ke yaɗawa, an nuna mana ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023, cewa an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har miliyan 263, kuma mutum kusan dubu 597 suka rasu, mafi yawansu ƙananan yara a Afirka. An kuma bayyana mana cewa makaman da aka fi dogara da su, wato gidan sauro mai magani da feshin bangon ɗaki, kaifinsu yana raguwa, domin sauro a wurare da yawa ya fara jure wa gubar da ake amfani da ita.

Abin da nake tunani shi ne, babu wata halitta da ba ta da mai cinta ko mai sa mata cuta. To shi sauro, su wa ke cinsa, kuma waɗanne cututtuka ne ke kama shi? Na sha jin ana cewa kifi yana cinye tsutsarsa a ruwa, jemage da mazari kuma suna kama shi a sama. Idan haka ne, me ya hana a ƙarfafa waɗannan halittu su yi mana aikin, a huta da zuba guba a ɗakunan da yara ke kwana? Sakaci ne ya sa ba a ba wannan hanya muhimmanci ba, ko kuwa an gwada ta an ga ba ta kai ba? Ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla, domin ina son in yi aikina na kammala karatu a wannan fanni.

Tsohon Malamin Ilimin Halittu ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta yi kyau, kuma masana sun fi shekara ɗari suna fama da ita. An gwada, an kuma kashe dukiya mai yawa wajen gwadawa, saboda haka ba za a kira shi sakaci ba.

Kafin a yi maganar mai cin sauro, sai an san inda sauron yake tasowa, domin nan ne gizo ke saƙar. Akwai nau'in sauro fiye da 3,500 a duniya, kuma kowane rukuni da irin ruwan da yake so. Culex, wanda ke yaɗa tundurmi a wasu ƙasashe, yana son ruwan kwata da na masai. Aedes aegypti, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, yana zuba ƙwansa a tanki da randa da tsohuwar taya da gwangwani. Shi kuwa Anopheles gambiae, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, wanda ya fi kowane sauro kisa, ya fi son ɗan ruwan sama da ya kwanta a sawun kofato ko sawun taya, wanda rana ke duka, kuma a lokacin zafi yakan gama girma daga ƙwai zuwa mai fuka-fuki cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Irin wannan ruwa yakan ƙafe kafin kifi ko ɗan mazari su samu zama a cikinsa. Wato sauron ya riga ya guje wa masu cinsa ta hanyar zaɓen mazauni, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa halittun da kika ambata ba su gama da shi ba.

Ki ɗauki labarin kifin Gambusia, ɗan ƙaramin kifi daga kudancin ƙasar Amurka wanda bai kai tsawon yatsa ba. An kai shi tsibirin Hawai a 1905, an kai shi Sifaniya a 1921, daga nan Italiya a 1922, sannan Ostiraliya a 1925, har ya zama ɗaya daga cikin kifayen ruwan daɗi da suka fi bazuwa a duniya. Tabbas yana cin tsutsar sauro, amma ba ita kaɗai yake ci ba. Yana cin ƙwan wasu kifaye da 'ya'yansu, yana cin 'ya'yan kwaɗi, yana kuma cinye ƙananan ƙwarin ruwa waɗanda su ma masu cin tsutsar sauro ne. A yau yana cikin jerin halittu ɗari mafiya ɓarna da aka kai inda ba mazauninsu ba, jerin da masana na ƙungiyar kare halittu ta duniya suka fitar. Garin neman gira an rasa ido a koguna da yawa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, bayan duk wannan, da masu tace sakamakon binciken lafiya na ƙungiyar Cochrane suka duba a 2013, suka sake dubawa a 2017, ba su samu ko bincike ɗaya da ya auna ko zuba kifi ya rage zazzaɓin cizon sauro a jikin mutane ba.

Jemage kuma an yi masa fata mai yawa. A farkon ƙarni na 20 wani likita mai suna Charles Campbell ya gina wa jemagu hasumiyoyi a San Antonio ta jihar Texas domin su cinye sauro, kuma a 1929 an gina irinta a wani tsibiri na Florida, amma jemagun ba su zauna a cikinta ba. Da aka riƙa binciken abin da ke cikin jemagu, an ga sun fi farautar manyan ƙwari masu tsoka, sauro kuwa ɗan kaɗan ne a abincinsu. Haka abin yake ga tsuntsaye dangin tsattsewa, waɗanda ke farauta da rana a sama, alhali sauron maleriya da dare yake fita, kusa da ƙasa.

Akwai masu farautar da suka fi waɗannan dacewa. Wani babban sauro mai suna Toxorhynchites ba ya shan jini ko kaɗan, ruwan fure yake sha, amma tsutsarsa tana cin tsutsar sauran sauro a kogon itace da tayoyi. Matsalarsa ita ce yana jinkirin girma, kuma tsutsotsinsa suna cin junansu, don haka kiwonsa da yawa yana da wuya. Wanda ya yi rawar gani sosai shi ne wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa mai suna Mesocyclops, wanda tsawonsa bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, yana kuma kashe tsutsar sauro tana sabuwar ƙyanƙyasa. A ƙauyen Phan Boi na arewacin Biyetnam an fara zuba shi a tankunan ruwan gidaje a 1993, tare da kwashe gwangwanaye da tarkace, har Aedes aegypti ya ɓace daga ƙauyen, daga baya aka faɗaɗa aikin zuwa wasu garuruwa. Sai dai ki lura, ƙwarin wannan dangi su ne ke ɗaukar tsutsar kurkunu, saboda haka ba a zuba su a ruwan sha a duk inda kurkunu bai ƙare ba.

A ganina, idan kina neman inda wannan fanni ya ci nasara ta gaske, ki bar masu farauta ki dubi masu sa cuta. A 1976 Yoel Margalith da abokin aikinsa Leonard Goldberg sun tarar da matattun tsutsotsin sauro a wani kududdufi da ke ƙafewa a hamadar Negev, suka ciro bakteriyar da ta kashe su, wadda ake kira Bacillus thuringiensis israelensis, a taƙaice Bti. Wannan bakteriya tana yin wani ɗan dunƙule na furotin mai guba. Idan tsutsar sauro ta haɗiye shi, ruwan hanjinta, wanda yake da kaifi irin na kanwa, yana narkar da shi, sai gubar ta manne a bangon hanjin ta huda shi, tsutsar ta mutu cikin yini guda. Cikin mutum da na dabba tsami ne da shi, kuma bangon hanjinsu ba shi da gurbin da gubar ke kamawa, shi ya sa ba ta cutar da mutum ko kifi ko dabbar gida.

Ma'aikacin Yaƙi da Sauro ya amsa:

Ranka ya daɗe, Malam, ka kawo tushen maganar, ni kuma zan ɗora daga inda ka tsaya, domin na yi shekaru ina bin ruwa ina ɗiban tsutsa da ludayi ina ƙirgawa. Malama ɗaliba, ina so ki fahimci wani abu game da Bti tun yanzu: ko da yake daga halitta aka samo ta, a aikace tamkar magani ake amfani da ita. Ba ta zama a ruwa ta hayayyafa ta ci gaba da aiki. Rana tana lalata ta, tana kuma nutsewa cikin laka, alhali tsutsar Anopheles a saman ruwa take cin abinci. Bayan mako ɗaya sai an sake zubawa. Kuma idan tsutsa ta kai matakin ƙarshe, lokacin da ta dunƙule ta daina ci, Bti ba ta taɓa ta. Duk wanda ya makara da kwana biyu, sauron wannan zagaye ya riga ya tashi.

Inda ake da tsari da ma'aikata, sakamakon yana da kyau ƙwarai. A kwarin kogin Rhine na Jamus, ƙananan hukumomi sun haɗa ƙungiya suna zuba Bti tun farkon shekarun 1980, har da jirgi mai saukar ungulu, suna haɗa ta cikin ƙanƙara domin ta ratsa ganyen itatuwa ta faɗa ruwa. Shirin yaƙi da makantar bakin kogi a Afirka ta Yamma, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002, shi ma ya dogara da ita wajen kashe tsutsar baƙin ƙudan da ke yaɗa cutar a koguna, bayan ƙudan ya fara jure wa gubar da aka soma da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan shekaru sama da arba'in ana amfani da ita, sauro bai samu ƙarfin jure mata a fili ba, domin guba iri huɗu ce ke aiki tare a cikin dunƙulen, kuma ɗaya daga ciki tana taimaka wa sauran wajen kama hanji.

Tana da 'yar'uwa, Bacillus sphaericus, wadda yanzu ake kira Lysinibacillus sphaericus, kuma irin da aka fi sayarwa, mai lamba 2362, daga jikin baƙin ƙuda aka samo shi a Najeriya. Ita wannan tana jure ƙazamin ruwa, tana kuma iya hayayyafa a gawar tsutsar da ta kashe, don haka ta fi daɗewa a kwata. Amma da yake gubarta guri ɗaya take kamawa, Culex ya jure mata a Indiya da Sin da Barazil da Faransa, shi ya sa yanzu ake gauraya ta da Bti.

Game da zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashe tsutsa ya dace ne inda wuraren ruwan ba su da yawa, ba sa canza guri, kuma ana iya gano su. A birnin Darussalam na Tanzaniya an fara zuba Bti mako-mako a 2006, kuma an ga raguwar kamuwa da cutar. A Gambiya kuwa, inda kogi ke malala ya mamaye fadama mai faɗin da ƙafa ba ta iya ratsawa, an yi irin wannan gwaji amma cutar ba ta ragu ba. Magani ɗaya ne, wurin ne ya bambanta.

A nan ne nake ɗan saɓa wa Malam kan batun kifi, tare da girmamawa. Laifin da aka yi shi ne ɗauko baƙon kifi a sake shi a kogi. Amma kifin da asalinsa na yankin ne, idan aka sa shi a rijiya ko babban tankin siminti da ba ya haɗuwa da wani ruwa, yana aiki, kuma na ga hakan da idona: tankin da ke cike da tsutsa ya wayi gari babu ko ɗaya bayan 'yan kwanaki. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da Anopheles stephensi, sauron maleriya na Asiya, ya shigo Afirka. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, sannan Habasha a 2016, daga baya wasu ƙasashe, kuma shi a tankuna da wuraren ajiye ruwa na birni yake tasowa. Irin wannan mazauni ana iya ƙirga shi, ana iya rufe shi, ana iya sa masa kifi ko Bti.

Kada kuma a ce Bti ba ta da illa ko kaɗan. Tana kashe wasu ƙananan ƙudajen ruwa da ba sa cizo, waɗanda abinci ne ga tsuntsaye, kuma binciken da aka yi a fadamar Camargue ta Faransa ya nuna tsuntsayen da ke cin su sun rage yawan 'ya'yan da suke rayarwa a inda ake zuba ta.

Ɗalibar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, na kuma gode, Yallaɓai. Na lura cewa duk abin da kuka kawo ya shafi tsutsa ne a cikin ruwa. To babban sauron da ya riga ya tashi yana cizo fa, ba shi da wata cuta da za a sa masa? Na kuma ji ana kiwon sauro a saki da gangan a wasu ƙasashe, abin da ya ɗaure mini kai, domin ban ga yadda ƙara yawan sauro zai rage cuta ba.

Mai Binciken Ƙwari ta amsa:

Ƙanwata, wannan tambaya taki ta biyu ita ce ta taɓo inda bincike ya fi zafi a yanzu, kuma amsarta tana buƙatar ki sauya yadda kike kallon matsalar. Burinmu shi ne hana cuta isa jikin mutum, kuma kashe sauro hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin kaiwa ga hakan.

Ki tuna cewa ƙwayar maleriya ita kanta baƙuwa ce a jikin sauro. Idan tamatar sauro ta sha jinin mai cutar, ƙwayar tana buƙatar kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin ta ratsa bangon ciki, ta hayayyafa, ta isa miyau. Mafi yawan sauro ba sa kaiwa wannan tsawon rai, don haka tsofaffin mata ƙalilan ne ke yaɗa cutar. A kan wannan aka gina amfani da funfuna mai kashe ƙwari, irin su Metarhizium anisopliae da Beauveria bassiana. Ita funfuna ba sai an haɗiye ta ba. Ƙwayar irinta tana manne wa ƙafar sauro ko jikinsa idan ya sauka a kan ƙyalle ko bangon da aka shafa, ta tsira, ta huda fata, ta bazu a ciki, ta kashe shi cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma kafin ya mutu ma sha'awarsa ta shan jini tana raguwa. A 2005 an wallafa gwajin da aka yi a wani ƙauye na Tanzaniya, inda aka rataya baƙaƙen ƙyallaye masu ɗauke da irin funfunar a ɗakuna, aka ga sauro yana kamuwa yana mutuwa da wuri. Wannan jinkirin kisa, wanda mutum zai ɗauka aibi ne, yana da fa'ida babba. Gubar da ke kashe sauro nan take tana barin masu jure mata ne kaɗai su hayayyafa, sai zuriyarsu ta mamaye. Funfuna kuwa tana barin tamata ta zuba ƙwai sau ɗaya ko biyu sannan ta kashe ta kafin ta zama haɗari, saboda haka matsin da ke haifar da juriya yana da rauni. Cikas ɗinta shi ne irin ba ya daɗewa da rai a bango mai zafi.

Masu bincike na Jami'ar Maryland da na cibiyar binciken lafiya ta Burkina Faso sun ƙara wa wata funfuna, Metarhizium pingshaense, ƙwayar gadon dafin wani gizo-gizo na Ostiraliya, aka tsara ta yadda ba ta fitar da dafin sai ta shiga jinin sauro. Sun gwada ta a wani babban keji na raga a ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso, kuma sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna sauron da ke ciki ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari a kwana 45. Gwaji ne a killataccen wuri, kuma fitar da halittar da aka sauya wa gado zuwa fili yana buƙatar izinin hukuma da yardar mutanen wurin, wanda a ganina haka ya kamata.

Sauron da kika ji ana saki kuwa, labarin Wolbachia ne. Bakteriya ce da ke zaune cikin ƙwayoyin jikin kusan rabin nau'o'in ƙwari, kuma Marshall Hertig da Burt Wolbach ne suka fara ganinta a jikin Culex a 1924. Daga uwa take wucewa zuwa 'ya'ya ta cikin ƙwai, kuma tana da wata dabara ta yaɗa kanta: idan namiji mai ɗauke da ita ya haɗu da tamatar da ba ta da ita, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, amma tamata mai ɗauke da ita tana haihuwa da kowane namiji, kuma 'ya'yanta suna gadonta. Daga wannan dabara hanyoyi biyu suka fito. Ta farko ita ce a saki maza zalla, waɗanda ba sa cizo, domin ƙwan matan daji ya lalace, yawan sauro ya faɗi. Hannes Laven ya gwada haka a wani ƙauye na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, a 1967, tun kafin a gane cewa bakteriya ce ke jawo rashin ƙyanƙyasar, kuma Singafo tana yin haka tun 2016. Wannan hanya tana buƙatar a ci gaba da saki ba fashi.

Hanya ta biyu ita ce ta fi ba ni sha'awa. Aedes aegypti a ɗabi'arsa ba ya ɗauke da Wolbachia. Scott O'Neill da abokan aikinsa a Ostiraliya sun ɗauko ta daga ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, suka yi ta allurarta a ƙwan sauro shekara da shekaru har ta zauna, sai aka gano cewa ƙwayoyin cutar dengi da Zika da cikungunya ba sa iya hayayyafa da kyau a jikin sauron da ke ɗauke da ita. A 2011 aka saki maza da mata a unguwanni biyu kusa da birnin Cairns na tsawon makonni goma, bakteriyar ta mamaye sauron wurin, ta kuma zauna ba tare da an sake saki ba. Gwajin da ya gamsar da masu shakka shi ne na birnin Yogyakarta a Indonesiya, inda aka raba birnin yanki-yanki aka saki a wasu yankuna aka bar wasu. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna kamuwa da dengi ya ragu da kashi 77 cikin ɗari, kwanciya asibiti saboda ita kuma da kashi 86. Sauron yana nan, yana cizo, amma bakinsa ya rage ɗaukar cuta. Ana yin irin wannan aiki a Barazil da Kolombiya da Maleshiya, kuma an lura cewa tsananin zafi yana raunana wasu ire-iren bakteriyar a jikin tsutsa, shi ya sa ake zaɓen irin da ya dace da yanayin kowane wuri.

Dole in faɗa miki cewa wannan nasara ta Aedes ce da cututtukansa, ba ta kai ga sauron maleriya ba tukuna. Abin da ake sa wa ido a wannan ɓangare shi ne wata ƙaramar halitta dangin funfuna da aka sa wa suna Microsporidia MB, wadda Jeremy Herren da abokan aikinsa na cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi suka bayyana a 2020. A jikin Anopheles arabiensis na daji suka same ta a Kenya. Ba ta kashe sauron, tana bin ƙwai daga uwa zuwa 'ya'ya, tana kuma wucewa tsakanin namiji da tamata, kuma a gwajin da suka yi, sauron da ke ɗauke da ita bai bar ƙwayar maleriya ta isa miyau ba. Aikin da ya rage shi ne gano yadda za a ƙara yawan masu ɗauke da ita a daji, musamman bayan rani ya karya yawan sauro. Idan kina neman abin da za ki yi bincike a kai, duba ko wannan halitta tana jikin sauron da za ki iya kamawa, da yadda yawanta ke hawa da sauka tsakanin damina da rani, aiki ne da ake buƙata.

Tsohon Malamin Ilimin Halittu ya ƙara da cewa:

Na karɓi gyaran da ɗan'uwana ma'aikaci ya yi kan kifin gida a rufaffen tanki, domin abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma tsorona yana kan kogi da tafki ne. Ina so in ƙara wa 'yata misalai biyu da za su amfane ta idan ta zaɓi wannan bincike. Akwai wata siririyar tsutsa mai kama da zare, Romanomermis culicivorax, wadda ke huda jikin tsutsar sauro, ta girma a ciki kusan mako guda, sannan ta fasa ta fito. A shekarun 1970 har an sayar da ita a Amurka da sunan Skeeter Doom, kuma ta rage Anopheles sosai a gwajin da aka yi a bakin wani tafki na El Salbado, amma ba ta jure ruwan gishiri ko ƙazamin ruwa, kuma ba a iya kiwonta sai a jikin sauro mai rai, don haka cinikinta ya mutu. Akwai kuma funfunar Coelomomyces, wadda aka sani tun 1921 tana hallaka tsutsar sauro a daji, amma mafi yawan waɗanda suka yi ƙoƙarin sa wa sauro ita a ɗakin gwaji sai su kasa, har sai da Howard Whisler ya gano a tsakiyar shekarun 1970 cewa dole ta bi ta jikin ɗan ƙwaron ruwa dangin Mesocyclops da na ambata ɗazu kafin ta koma kan sauro. Shekara hamsin ana neman abin da ke iyo a cikin ruwan da ake ɗebo tsutsar. Saboda haka idan kika fita ɗiban tsutsa, 'yata, ki riƙa rubuta zafin ruwan da launinsa da zurfinsa, ki kuma adana duk wata halitta da ludayinki ya ɗebo tare da ita, ko da a ranar ba ki ga amfaninta ba.